Baba Bajamushe Ya Tafi, Tauren Yana Nan a Ɗaure

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na sha faɗa wa iyalan marasa lafiya wannan magana a bakin aikina na jinya, amma ban taɓa jin nauyinta a harshena ba sai ranar Talata, 16 ga Disamba, 2025, da Hajiya Larai ta kira ni da hantsi ta ce, "Rahina, Babanku ya tafi." Farfesa Husaini Garzali, malamin tarihi, wanda duk mai jin Hausa a Greensboro ta Amurka ya sani da Baba Bajamushe, ya rasu a gidansa da ke Pleasant Garden, bayan ciwon zuciyar da ya daɗe yana raina mana shi. An yi masa sutura washegari bayan azahar. Ya bar matarsa Hajiya Larai, da 'ya'yansa Muzammil da Suwaiba, da jikoki. Ya kuma bar wani taure a ɗaure a gona, wanda amininsa ya saya domin Farfesan ya yanka masa, kuma har yau da nake wannan rubutu ba a ɗora masa wuƙa ba.

Na san akwai waɗanda za su taɓe baki su ce me ya kawo zancen akuya cikin ta'aziyyar farfesa guda. Su yi haƙuri su karanta zuwa ƙarshe. Kai dai Baba ka san abin da ya kawo shi.

Ni ba 'yarka ba ce ta jini. Na zo garin nan daga Gombe ina budurwa, don karatun jinya a jami'ar da kake koyarwa a gabashin gari. Aka ce dole kowa ya ɗauki darasi ɗaya na tarihi, na duba jerin malamai na ga Husaini Garzali, na shiga ajinka ba tare da na san abin da kake koyarwa ba. Abin da nake so kawai shi ne in ji wani ya kira sunana daidai. Ka kuwa kira shi daidai, sannan ka rufe ƙofa a fuskar wani ɗalibi da ya makara, ka buɗe wata tsohuwar taswira mai kama da zanen da faci ya cinye. Ka ce wannan ita ce Jamus kafin a yi Jamus.

Ban fahimci kome ba a ranar. Sai da na biyo ka ofis ina ƙorafi ka zuba mini shayi, ka ajiye Turanci gefe, ka tambaye ni ko na taɓa bin motar kaya daga Kano zuwa Maraɗi. Ka ce in ƙaddara kowane shinge da ke kan hanyar ƙasa ce mai zaman kanta, da sarkinta, da kuɗinta, da mudunta, kuma kowa sai ya karɓi nasa kafin ya ɗaga sanda. Haka Jamusawa suka rayu, ƙananan ƙasashe barkatai, harshe ɗaya amma kowa na hararar maƙwabcinsa. Sai da sojojin Napoleon na Faransa suka tattake su gaba ɗaya, ba su tambayi wane ne ɗan Prussia wane ne ɗan Bavaria ba, sannan suka fara jin cewa wulaƙancin nasu ɗaya ne. Daga nan malamai suka shiga tattara tsofaffin kalmomi da tatsuniyoyi, samari suka kafa ƙungiyoyin waƙa da na motsa jiki, aka fara rushe shingayen kwastan a 1834, jirgin ƙasa ya zo ya ƙarasa sauran. Kana wannan bayani idonka yana ƙyalli kamar kakanninka ne suka yi aikin.

Gurbin karatu ne ya kai ka Jamus kana saurayi daga Malumfashi, ka dawo da digiri da kuma wata cuta da ba ta da magani, wato cika lokaci. Ita ce ta jawo maka sunan Bajamushe. Idan aka rubuta ƙarfe biyu a katin biki, ƙarfe biyu za a gan ka a zauren da ko kujeru ba a jera ba, da babbar rigarka, kana taya masu shara ɗaga tebur. Hajiya Larai ta gaji har ta daina bin ka, ta ce ita ba za ta je ta riga uwar amarya ba. Mun yi ta yi maka dariya, kai kuma kana cewa wata rana za mu gane. Ba mu gane ba har ka tafi, ko jana'izarka sai da wasu suka makara.

Alherinka ba ya lissafuwa, kuma ba za ka so in tsaya lissafa shi ba. Kai ka tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Kai ne mai zuwa filin jirgi ɗauko baƙon da ba ka taɓa gani ba, don kawai wani ya ba shi lambarka. Ɗakin da ke bayan gidanka ya kwanar da ɗalibai da direbobi da matan da suka yi yaji, kuma ban taɓa jin ka tambayi ɗayansu masallaci yake zuwa ko coci ba. Tambayarka ɗaya ce: "Kana jin Hausa?" Idan ya amsa, to ya zama naka.

A kan wannan tambaya ka kafa zaman da muke kira Zumunta. Asabar ɗin ƙarshen wata, a falonka, sharaɗi ɗaya, a yi Hausa. Akwai Kanawa da Zazzagawa, akwai mutanen Jos da Kafanchan, akwai 'yan Nijar masu cusa Faransanci a tsakiyar zance, akwai wani ɗan Kumasi da Hausarsa ke sa mu riƙe ciki. Yaran da ke amsa mana da Turanci a gida, a nan suke jin kunya su lallaɓo Hausar da ta rage a bakinsu. Kakan zauna a kujerarka ta kusurwa kana kallonmu, ka ce da haka Jamusawa suka fara, da harshe da waƙa da cin abinci, tun kafin wani ya kawo musu bindiga.

Ginshiƙin wannan zama ku biyu ne, kai da Baba Nicodemus. Shi mutumin Zonkwa ne, Kirista, ya yi aikin harhaɗa magunguna har ya yi ritaya. Kun haɗu ne a layin biyan kuɗi na wani shago, shekaru masu yawa da suka wuce, ya ji kana yi wa Muzammil faɗa da Hausa don ya ɗauki alewa. Ya ce ya saki kwandonsa ya zo ya rungume ka bai ko san sunanka ba. Tun daga ranar ba a ganin ɗaya babu ɗaya, kuna musu a kan siyasa, kuna musu a kan wanda ya girmi wani, kuna musu a kan ko tuwon Mama Yemima, matarsa, ya fi na Hajiya Larai.

Shi ya dawo da wata al'ada ta gida da yawancinmu muka tashi muka gani. Idan Kirsimeti ta zo, Kirista kan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa dabba, domin idan an dafa kowa ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. A shekarar farko ya sayi taure a gonar wani Bature mai kiwon awaki a kudu da Pleasant Garden, ya kira ka. Daga nan abin ya zama doka. Farkon Disamba wayarka za ta yi ƙara, ya ce, "Malam, ina neman mahauci." Kai kuma ka ce, "Mahaucin yana da tsada, ladansa wuya." Safiyar jajibirin Kirsimeti za ku tafi gonar cikin sanyi, ka warware wuƙarka daga tsumman da kake naɗe ta, wuƙar da wani maƙerin garinku ya ƙera maka, ka fuskantar da dabbar gabas, ka ambaci sunan Allah. Washegari da rana gidan Mama Yemima ya cika maƙil, masu hula da masu sarƙar gicciye hannu a faranti ɗaya. Da Babbar Salla kuma Baba Nicodemus ne mai riƙe maka ƙafafun rago, cinya guda tasa ce ba a tambaya.

Na taɓa tsokanarka na ce farfesa guda ya koma fawa. Ka ce, "Jamusawa sai da suka cire shingen kasuwa kafin su yi ƙasa. Mu shingenmu a tukunya yake. Ranar da muka daina cin tukunya ɗaya, ki shafa fatiha."

Ba a dare ɗaya abin ya lalace ba, kuma ba mugaye ne suka lalata shi ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da muka yi yawa, aka ce falonka ya yi kaɗan, a yi rajistar ƙungiya, a rubuta tsarin mulki. Alhaji Yahya, likita ne mai hannun kyauta, ya buɗe mana babban gidansa a Irving Park, muka yi ta zama ana gardama a kan kowace kalma. Kai kana gefe kana murmushi, kana cewa mun tuna maka da majalisar da Jamusawa suka yi a Frankfurt a 1848, inda masu ilimi suka cika zaure suna jayayya a kan wane ne Bajamushe, a sa Ostiriya ko a bar ta, har damar ta kuɓuce musu. Mu ma a kan wannan tambaya muka tsaya. Aka ce Zumunta ba suna ba ne da za a kai wa hukuma, a mai da shi ƙungiyar 'yan Arewacin Najeriya. Hannuwa suka tashi, naka bai tashi ba.

Lamine, direban babbar mota ɗan Damagaram, wanda matarsa Fassouma ce ke yi wa 'ya'yanmu kitso, ya miƙe ya ce, "To mu yanzu étrangers ne ke nan?" Aka ce a'a, ai suna ne kawai, ku ci gaba da zuwa a matsayin baƙi. Ya ce, "Ba kome, merci," ya ɗauki takalminsa. Ka bi shi da kallo har ya fita, sannan ka juyo ka ce mana, "Kun fitar da Ostiriya." Aka yi dariya, an ɗauka irin barkwancinka ne.

Bayan nan ne muka samu abokan gaba. Wata ƙungiya ta 'yan ƙasarmu daga wani yanki ta riga mu kama rumfar da muke yin bikin ranar 'yanci a cikinta, aka yi musayar baƙaƙen maganganu, abu ya kai ga ƙorafi a rubuce. Ban taɓa ganin kanmu ya haɗu kamar a watannin nan ba. Musulmi da Kirista baki ɗaya, mu 'yan Arewa, ba za a taka mu ba. Waɗanda suka shekara ba su leƙo taro ba duk suka fito. Da muka yi nasara aka gasa tsire, aka saki kiɗa, har Baba Nicodemus ya taka rawa. Kai kaɗai ka zauna a bakin benci, tsirenka ya huce a hannunka.

Na zo na ce, "Baba, yau ga haɗin kan da kake nema, ka ɓata rai?"

Ka ce, "Rahina, kin manta darasinki. A ina aka naɗa sarkin Jamus a 1871?"

Na ce a fadar Versailles, a ƙasar Faransa, bayan sun ci Faransawa da yaƙi.

Ka ce, "A gidan abokin gaba. Abin da waƙa da kasuwa suka fara a hankali, Bismarck, firaministan Prussia, ya ƙarasa shi da yaƙe-yaƙe, kuma ya yi sauri, ba a musu. Amma ba a jima ba sabuwar ƙasar ta juya kan 'yan Katolikanta tana tambayar su ko su Jamusawan gaskiya ne. Bayan su aka samu wasu. Kin san inda hanyar ta kai su daga baya. Mutanen da suka koyi haɗa kai da tsanar wani, idan wanin ya tafi, sai sun nemo wani a cikin gida."

Ba ka taɓa zagin kishin ƙasa ba, kada a yi maka ƙarya bayan ranka. Kai da kake tsayawa ƙyam idan an sa taken Najeriya ko a talabijin ne. Kana ganin girman abin da ya sa manomin Bavaria da ɗan kasuwar Hamburg suka yarda su kira juna ɗan'uwa. Abin da kake tsoro shi ne ranar da kishin zai daina tambayar wa za mu jawo, ya koma tambayar wa za mu fitar. Ka yi shekaru kana koya wa 'ya'yan Amurkawa wannan, suna rubutawa suna cin jarrabawa. Mu naka muka saurare ka muna gyaɗa kai, muka je muka aikata abin daki-daki.

Sauran labarin kowa ya san shi. Aka shiga kashe-kashe a gida, hotunan gawawwaki suka riƙa faɗowa cikin wayoyinmu tun kafin mu karya kumallo. Kowa ya turo na ɓangarensa, kowa ya yi shiru a kan na ɗayan. Wanda aka kashe wa ƙane a ƙauye ya rubuta magana mai zafi, wanda aka ƙone wa gidan uba ya mayar masa. Ba na raina zafin kowa, domin ni ma na yi rashi a cikin abin nan. Amma cikin 'yan watanni zauren wayarmu ya rabu biyu, Kiristoci suka buɗe nasu, Musulmi suka riƙe tsohon. Matan da suka yi wa juna wankan jego suka koma haɗuwa a shagon kayan miya, kowace ta duƙufa tana karanta bayan gwangwanin tumatir har ɗayar ta wuce. Ka kira taro, ka zo a kan lokaci, ka zauna kai da Baba Nicodemus da kujeru.

Abin da ya rage shi ne tauren nan. Masu zuwa cin sa suna raguwa kowace shekara, amma ba ku fasa ba. Bara Alhaji Yahya ya turo wata murya da aka naɗa, mai maganar yana cewa bai dace Musulmi ya yi yanka don bikin wasu ba. Kowa ya san da wa ake. Ba ka ba da amsa a waya ba, da safe ka ɗauki wuƙarka ka tafi gona. Da na tambaye ka, ka ce kai da sunan Allah kake yankawa, don maƙwabcinka ya ci kai ma ka ci, kuma haka ka ga mahaifinka yana yi, shi da ya fi ka karatun addini nesa ba kusa ba. Washegari mun ci naman a teburi ɗaya, teburin ma bai cika ba. Ka dubi kujerun da babu kowa, ka ce a kwashe ragowar a kai wa waɗanda ba su zo ba har gida.

Bana Baba Nicodemus ya kira kamar kullum, ya sayi taurensa, baƙi mai farin goshi. Jikinka ya riga ya yi rauni, ƙafafunka sun kumbura, hawa matakala uku sai ka tsaya ka huta. Na yi maka magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya, na ce sanyin gonar nan ba naka ba ne bana, a nemi wani. Ka ce, "Wa?" Ka ce ko a kan kujera ne za a kai ka. Hajiya Larai ta ce ranar Lahadi ka fito da wuƙar ka zauna a kicin kana wasa ta a hankali, kana yi kana hutawa. Ranar Talata ka cika.

An yi ruwa ranar jana'izarka. Lamine, wanda muka mayar baƙo, yana cikin waɗanda suka wanke ka. Muzammil ya gaya mini cewa a maƙabarta Baba Nicodemus ya tsaya can baya a gindin wata bishiya, hularsa a hannu, ruwa yana dukansa. Babu wanda ya ce masa ya tafi, babu kuma wanda ya ce masa ya matso. Sai da kowa ya watse ya tako ya tsaya a kan kabarin, ya daɗe, sannan ya koma motarsa.

A zaman makoki ma haka. Ya zauna a bakin tabarma a garejinka tun safe har yamma, duk kwanakin. Masu gaisuwa suna shigowa su miƙa wa Muzammil hannu su ce ya haƙuri, su ɗaga wa tsohon kai su wuce, kamar shi ma gaisuwar ya zo. Mama Yemima ta yi ta kawo abinci a manyan kuloli, wake da kifi, ba ta sa nama ko ƙwaya ɗaya ba don kada wani ya yi shakka. Duk da haka na ga kular da aka mayar mata ba a buɗe ba. Ina cikin gida wajen Hajiya ina jiyo maza suna yabonka, uban haɗin kai, gadar al'umma, ba za a sake yin irinsa ba. Wallahi Baba raina ya ɓaci har na fita bayan gida na yi kukana ni kaɗai.

Jajibirin Kirsimeti ya zo. Baba Nicodemus ya tashi da sassafe ya tafi gonar a lokacin da kuka saba, ya kwance tauren ya riƙe igiya, ya tsaya. Bai kira kowa ba. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce, "Da bakin da nake kukan ɗan'uwana zan ɗaga waya in ce a zo a yanka mini nama? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Na ɗauka wani zai tuna." Mazanmu kuma, waɗanda zuciyarsu ba ta ƙi ba, suna gida suna jiran kira, don a al'ada mai dabba ne ke kiran mahauci, ba a kai kai. Wasu suka ce ai bana ba zai yi ba, yana makoki. Ni ina wurin aiki, na ɗauka maza sun daidaita a tsakaninsu. Kunya ta riƙe wannan, kara ta riƙe wancan, waɗanda ba sa so dama suka ji daɗin shirun. Baba Nicodemus ya tsaya a gonar har rana ta take. Mai gonar ya tausaya masa ya ce bari shi ya yanka, tsohon ya ce a'a. Ya ce idan ba Musulmi ne ya yanka ba, shi da Yemima ne kawai za su ci, kuma ba don mutum biyu ake sayen taure ba. Ya mayar da shi ya ɗaure. A gidansu an yi Kirsimetin bana da shinkafa da miyar kifi.

Da labarin ya kai kunnen Lamine, yana kan hanya a wata jiha, ya kira ni. Ya ce, "Wallahi Anti da ya kira ni, tout de suite, nan take zan juyo da motar." Muzammil kuwa cewa ya yi, "Anti, nobody told me. Ban taɓa riƙe wuƙar ba ma." Lamine yana dawowa ya wuce gidan Baba Nicodemus kai tsaye, ya ce gobe-goben nan a tafi gona. Tsohon ya riƙe hannunsa ya yi masa godiya, sannan ya ce, "Mahauci ya samu. Saura masu ci."

Sai na ɗauki abin a kaina. Na rubuta saƙo ɗaya, na sa a zaurenmu, na roƙi Mama Yemima ta sa a nasu. Na ce Asabar mai zuwa za a yanka tauren da aka saya wa Baba Bajamushe, za a dafa a gidan Baba Nicodemus, duk mai zuwa ya ɗaga hannu don a san yawan shinkafar da za a ɗora. Ina kallon wayata, ina ganin sunayen waɗanda suka karanta suna ƙaruwa. Mutanen da suka cika garejinka suna kiranka gada. A ɓangarenmu wani ya turo addu'a, wani ya ce yana da aiki ranar, sauran shiru. A ɓangarensu wata ta rubuta cewa sun gaji da dafa wa mutanen da ke mayar musu da kula a rufe, kuma ban iya cewa ta yi ƙarya ba. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su kai su cinye ƙafa ɗaya ba. Asabar ta zo ta wuce.

Ka ga inda muke, Baba. Jamusawan da ka ƙare rayuwarka kana nazari, bayan duk abin da suka jawo wa kansu da duniya, an tsaga ƙasarsu biyu da katanga, kuma da idonka ka ga ranar da suka fasa ta suna kuka suna rungumar juna. Ka sha ba mu labarin yadda ka zauna gaban talabijin a garin nan kana share hawaye. Mu babu wanda ya gina mana katanga, babu soja, babu waya mai ƙaya. Tsakanin gidan Alhaji Yahya da na Baba Nicodemus tafiyar da ba ta kai a gama sauraron labarai a rediyon mota ba ce. Mun baro ƙasar da ake kashe mu, mun tsallako teku, mun zo inda ba wanda ya san bambancinmu, inda duk baƙaƙen fata ne mu masu wani irin harshe, sannan muka kwance kayanmu muka fito da rigimar muka shimfiɗa.

Jiya na je gaida Hajiya Larai, tana cikin takaba. Na ba ta labarin duka, don ba a ɓoye mata abu. Ta tashi ta shiga kicin ta fito da wuƙar a cikin tsummanta, ta ce in kai wa Baba Nicodemus ya ajiye. Ta ce, "Ki ce masa ya ci gaba da ba tauren abinci. Ranar da na fita takaba, gidan Yemima zan fara zuwa, a yanka a dafa. Ko ni kaɗai ce zan ci." Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa ta a aljihun gaban motarsa. Kullum da safe yana tuƙi zuwa gonar nan da buhun dusa, a kan lokaci, kamar wanda ka bar wa cutarka.

Ya Allah, ga bawanKa Husaini ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa abin da ya koyar da wanda ya ciyar da wanda ya sauka a gidansa su zama masu yi masa shaida. Ka karɓi baƙuncinsa fiye da yadda ya karɓi namu, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Mu da ya bari, Ka tausasa zukatanmu tun kafin namu lokacin ya zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Larai, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya fitar da ke takaba lafiya. Ga Muzammil da Suwaiba da 'ya'yansu, Allah Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Ga danginsa na Malumfashi, da ɗalibansa, da Lamine da Fassouma, da duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bayan gidan nan, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Saura mutum ɗaya, wanda ya zauna a bakin tabarma har aka tashi makoki, kowa ya wuce shi ba a miƙa masa hannu ba. Na makara, amma ga nawa.

Baba Nicodemus, ya muka ji da haƙuri?